Wayar da Ya'u Ya Ɗinke a Buhu

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi da buhu a Kasuwar Muda Lawal, da wuya bai gifta ta gaban Ya'u ba. Shekara talatin da 'yan kai yana ɗinke bakin buhu a layin masu masara. Ɗan Ƙofar Wambai ne, can aka haife shi, can ya auri Fatu, can yake komawa kullum da ƙaiƙayi a wuyan riga. Basilla a hannun dama, bakin buhu a hagu, igiya a haƙori. Da yake hannuwan duk suna da aiki, kuma dillalai ba sa barin kiransa, sai ya samo dabara: ya tura 'yar ƙaramar wayarsa ƙarƙashin hula, ta manne da kunnen dama. Haka take wuni. In ya ciro ta da yamma, da ɗuminta kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Amos, mutumin Bogoro mai lura da sito a kusa da shi, ya sha tsokanarsa: "Malam Ya'u, wannan waya dai wata rana za ta yi saiwa a kanka. Sai mun kira mai gatari."

"Ai gara ni, ana nemana. Taka ko matarka Mary ba ta kira."

A daminar bara ciwon kai ya fara, ɓarin dama kawai. Ya sha ƙwaya, ya sha jiƙo, bai bari ba. Sai kumburi ya fito bayan kunnen, daidai inda wayar take kwanciya. A makon nan ne Fatu ta kunna masa wani saƙon murya da ake ta turawa mata. Wani mutum ne da bai faɗi sunansa ba, yana rantsuwa cewa waya tana fitar da wani zafi da ido ba ya gani, yana dafa ƙwaƙwalwa a hankali har ya zama ciwon daji, wato kansa. Ya ce alama ta farko ciwon ɓarin kai ce.

Fatu ta dubi hularsa. Shi kuma ya dubi ƙasa.

Amos ne ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Aka ɗauki hoton kansa. Wata nas mai suna Phoebe ta rubuta lambarsa ta ce, "Baba, da zarar likita ya duba za mu kira ka. Ka bar wayarka a kunne."

Ya ce to. Amma da ya koma kasuwa ya ciro ta, ya ji ɗumin nan a tafin hannunsa. Abin da ya cinye masa kai ne zai sake rungumewa? Ya kashe ta, ya tura ta tsakiyar wani buhun dusa, ya ɗinke bakin da ɗinki biyu, irin wanda yake yi wa kayan da za su yi nisa. Ya jefa buhun can ƙuryar siton Amos. A ransa ya riga ya san abin da za a gaya masa, kuma bai ga amfanin jinsa da wuri ba.

Kwana tara. Dillalai suka koma aiko masa da baki. Kunnen ya fara zubar da ruwa mai wari, yana toshe shi da auduga. Zazzaɓi yana kama shi tun hantsi. Ya soma yi wa Fatu wasu maganganu, wane ne zai riƙe gidan, wa za a ba basillarsa. Ta ce, "Malam, don Allah ka bari. Ba su kira ba?"

"Ba su kira ba."

Ranar Litinin yana tsugune kan buhu, basilla ta kuɓuce masa sau biyu, layin masara yana juya masa. Sai ga Amos a guje, ko tsayar da babur ɗin sosai bai yi ba.

"Ina wayarka?"

Ya'u ya sunkuya yana laluben basillarsa.

"Ya'u, ina wayarka? Jiya Phoebe ta tare ni a bakin coci. Ta ce tun washegarin ɗaukar hoton suke kira, a kashe. Ba ta gaya mini kome ba, ta ce dai in kawo ka yau, ko a kafaɗa ne."

Ya'u ya nuna sito da haɓa. Amos ya dubi buhun, ya dubi ɗinkin, ya gane hannun. Bai yi dariya ba. "Hau," ya ce.

Likitan ya ɗaga hoton, bai ɓata lokaci ba. "Baba, babu kansa a kanka. Mugunya ce ta taru a ƙashin bayan kunne. Tsohon ciwon kunne ne aka bari. Da me kake susa?"

"Da gindin basilla."

"To. Mugunyar tana gab da shiga ƙwaƙwalwa, in ta shiga kuwa tana kisa. Yau za a yi aiki."

Ya'u ya ce, "Likita, ba wayar ba ce?"

"An daɗe ana bincike a ƙasashe da yawa, ba a samu cewa waya na kawo kansar ƙwaƙwalwa ba. Ɗumin da kake ji na batir ne. Da ka ɗauka ran da muka fara kira, da wataƙila allura ta isa."

An yi aikin, ya tashi. Amma kunnen dama ya tafi, ko ƙarar tirela ba ya ji da shi.

Bayan wata guda ya koma kasuwa. Shi da kansa ya farke buhun, ya kaɗe dusar, ya sa wayar a caji wurin Amos. Yanzu a aljihun gaba take zama, ba ya sa ta a hula, don kunnen da ya rage na jin mutane ne. In ta yi ƙara sai ya soke basilla a buhu, ya goge hannu, ya ɗauka. Amos kuwa ya mayar da bencinsa ɓangaren hagu.