Shafin Da Ban Karanta Ba

Ni ba mai son ƙwallo ba ce. Awara nake soyawa, kuma inda jama'a suka taru nan mai awara take kafa kaskonta. A garinmu, can gefen Gwiwa, duk yammacin Juma'a da Lahadi mutane suna filin firamare, shi ya sa na kafa murhuna a gindin darbejiyar da ke bayan ragar gabas. Shekara shida na yi a wurin. Ƙwallon da duk ta wuce gola, ko dai ta tsaya a raga, ko ta bi ta inda ragar ta yage ta zo tana neman kifar min da mai. Wanda ya zauna a wurin nan, ko ba ya so sai ya san wasan.

Golan kuwa ɗana ne, ɗan fari. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Kakarsa ta wajen uba ce ta yaye shi ta riƙe shi, ya tashi yana ce mini Yaya. Ita ce mai shigar masa faɗa. In aka taɓa shi, takan fito da zani a hannu har sai unguwa ta san an taɓa shi. Ta rasu bara waccan, ubansa kuma ya riga ta da daɗewa. Ƙannen uban duk suna kudu. Saura ni, wadda al'ada ta ce in yi kamar ban san shi ba.

Shekarar da nake ba da labari, wasa ya ƙi mana. 'Yan Roni suka zo har gida suka ci mu. Aka je Kazaure, aka dawo a mota shiru kamar masu dawowa daga gaisuwar mutuwa. Babura kuwa kada ma a yi maganarta. In an tashi daga wasa, manyan magoya baya sukan jawo bencina biyu su zauna, su sayi awara, su fara yanka 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Jagoransu wani Alhaji ne mai shagon taki, shi yake ɗinka wa ƙungiyar riguna. Wanda ya fi su baki kuwa wani tela ne, ɗan siriri, wanda ban taɓa ganin ya buga ko gwangwani ba.

"Wannan ɗan gaban namu," in ji telan, "ko ɗauko masa ragar aka yi aka kai masa tsakar gida, sai ya buga ta bayan katanga."

"Mai lamba huɗu fa? Gudu yake kamar an ɗora masa buhun gero."

"Kai, ka kiyaye, ɗan wana ne," in ji Alhaji. Sai a yi dariya, a wuce shi.

Haka ake wuce kowa. Wannan ɗan wan wane ne, wancan kawunsa yana zaune a bencin, wancan surukin liman ne. A ɗan ciji mutum, sai wani nasa ya ce a sassauta, a sassauta. In an zo kan gola kuwa, nan ake gyara zama.

"Hannun nan nasa rariya ce, wallahi. Inna, ko man awararki yake shafawa kafin ya shiga?"

Ni kuwa sai in juya awara in ce, "Yaji nawa za a sa maka?"

Ku fahimce ni, ni ba mai shiru ba ce. Na taɓa bin mai awon hatsi har tsakiyar kasuwar Gwiwa da kwanonsa mai lotsattsen gindi, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Telan nan da kansa na taɓa zazzage shi a kan ɗinkin 'yata har ya rufe shago ya gudu masallaci. Amma a kan wannan yaron, bakina a ɗaure yake, kuma sun sani.

A shekarar ne nake aji biyu a makarantar yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Malamarmu ta ce hannu ba ya sakewa sai ana rubutu kullum, kowacce ta rubuta abin da idonta ya gani. Wasu suna rubuta abin da suka dafa. Ni abin da nake gani ƙwallo ce. Na sami littafi mai bango ja, na ba kowane ɗan wasa shafinsa, na sa lambar rigarsa a sama. Tsakanin kasko da kasko sai in goge hannu in rubuta. Lamba huɗu ya tsaya yana ɗaga hannu, mutum ya wuce shi. Lamba tara shi da raga, ya buga sama. Rubutun duk ya karkace, takardar duk tabon mai, amma abin da ke ciki gaskiya ne.

Shafin gola shi ya fi cika, har na ƙara masa bayan bango. Ranar 'yan Roni an ci shi uku, wannan kowa ya ƙirga. Amma ni na rubuta waɗanda ya tare, kuma sun ninka haka. Na rubuta fenaritin da ya kaɗe da yatsa. Na rubuta ranar da ya faɗa ƙafafun wani ƙato, aka taka masa haƙarƙari, ya tashi ya ci gaba, ya yi kwana uku yana salla a zaune. Daga bayan raga nake kallo, ina ganin yadda 'yan bayansa suke watsewa su bar shi shi kaɗai da mutum biyu. Masu zama a gefen fili ba sa ganin haka, ko kuwa sun ga dama ba sa gani.

Akwai abin da suke yi a garinmu in wasa ya lalace. Kafin damina ta sauka kowa ya koma gona, sai magoya baya su zauna da koci, a tuɓe wa mutum ɗaya riga. Ɗaya tak. Wai don sauran su shiga hankalinsu. Wanda aka tuɓe ba ya sake shiga, kuma sunan yana binsa. Shi kuwa yaron nan ba shi da wani abu a duniya da yake ɗaga kai da shi sai ragar nan. Bai yi nisa a boko ba, gonar gado 'yar ƙarama ce. Amma in ya sa safar hannun nan, har tafiyarsa canzawa take.

Ranar zaman ta faɗo wata Lahadi, bayan an ci mu wasan ƙarshe. 'Yan wasa suna zaune a ƙasa suna kwance takalma, manya suna kan bencina. Aka fara da lamba tara. Telan ya ce shi ne ya kashe mu. Ban san lokacin da na ajiye matsami ba.

"Ƙarya kake," na ce. "Wasa huɗu ba a ba shi ƙwallo ta kirki ko sau ɗaya ba. Ga shi nan a rubuce."

Aka fashe da dariya. Alhaji ya ce, "A'a, Inna, ashe alƙali muke da shi a bayan raga? To karanto mana."

Na karanta. A hankali nake karatu, ina bin layi da yatsa, amma ban yi tuntuɓe ba. Na wanke lamba tara. Na karanta shafin lamba huɗu, ɗan wan Alhaji, ban rage komai ba, har yaron ya sunkuyar da kai. Koci, wani malamin firamare ne mai haƙuri, yana ta gyaɗa kai yana cewa haka aka yi. Na ji kaina ya yi girma. Ban taɓa tsayawa gaban maza da takarda a hannu suna saurarena ba. Daɗin abin ya hana ni ganin inda aka nufa da ni.

Alhaji ya bari na gama da kowa. Sannan ya ce, cikin murya mai laushi, "Madalla. Saura ɗaya. Golan fa, Inna? Me littafin ya ce?"

Shafin yana buɗe a hannuna. Ina ganin rubutuna, ina ganin inda na danna biro har ya huda takarda ranar fenariti. Mutum wajen talatin suna kallona, cikinsu har da mata biyu masu sayar da zoɓo, sa'o'ina, waɗanda za su kai labari kowane gida cewa wance ta tsaya a fili tana yabon ɗan farinta. Shi ma yana kallona, safa ɗaya a hannu, ɗaya a kan gwiwa. Na buɗe baki, sai abin da na gada ya fito, irin maganar da uwata take yi a kan yayana, da kakata a kan nata.

"Wancan? Wane abin kirki gare shi da za a rubuta?"

Na rufe littafin.

Duk wanda ke wurin ya san ma'anar wannan magana. Ba wanda aka haifa jiya. Da kakarsa tana da rai, da ta ce rabu da ita, kunya ce, kawo littafin nan. Da akwai baffansa ɗaya a bencin, da ya karɓa ya ba koci. Ba wanda ya miƙo hannu. Telan ya tafa ya ce, "To, kun dai ji. Ko wadda ta haife shi ta faɗa." Alhaji ya girgiza kai kamar abin ya dame shi. Koci ya dubi ƙasa. Kafin a kira magariba an karɓi rigar.

Yaron bai yi mini magana a kai ba. Washegari da hantsi ina tace waken suya, ya shigo ya gaishe ni kamar kullum, ya ce, "Yaya, ara min littafin nan." Ya tsuguna a bakin ƙofa ya karanta shafinsa, har da na bayan bango. Ya daɗe. Sannan ya ajiye shi a kan turmi, ya ɗora dutse don kada iska ta buɗe. Ya ce, "Ashe kina gani." Na ce masa ya matsa yana tare min haske. Abin da na iya faɗa ke nan. Bai yi noma da mu ba a shekarar. Ya bi motar hatsi zuwa Kano, yana dako a kasuwa.

Da aka dawo wasa bayan kaka, suka sa wani dogon yaro a raga. Wasa uku aka zura masa abin da ba a zura wa nawa a shekara ba. Wata Juma'a Alhaji ya tsaya shi kaɗai a gaban kaskona bayan an watse, yana ta juya hula.

"Inna, da za ki kira mana yaron nan a waya. Ki ce rigarsa tana nan."

Na kira, na buɗe muryar wayar yadda Alhaji zai ji da kunnensa. Ana ta hayaniya a bayan yaron. Ya saurara har na gama, ya ce, "Yaya, a gaishe su. Ana sauke mota, sai anjima." Ya kashe.

Nan ne bakina ya kwance, a lokacin da ba shi da amfani. Na ɗauko littafin daga ƙarƙashin tire, na karanta wa Alhaji shafin tun daga sama, da ƙarfi, fenaritin, haƙarƙarin, 'yan bayan da suke watsewa, ɗan wansa da ke tsayawa yana ɗaga hannu. Awara tana ƙonewa ban kula ba. Fili babu kowa sai awaki.

Ya bari na kai ƙarshe. Ya mayar da hularsa.

"Ai duk mun gani, Inna," ya ce. "Mutum ɗaya dai dole a cire." Ya dubi kaskon. "Waccan ta gefe ba ta ƙone ba, sa min ita."