Motar da Baba Ya Auna da Tsawonsa

Inna ta rasu a asibitin Maraɗi cikin damina, kuma can aka binne ta. Ba haka muka so ba. Mun zaga tasha kaf muna neman motar da za ta kai gawa ƙauyenmu, gaba da Bader Goula, amma duk direban da ya ji sunan garin sai ya girgiza kai, don bayan Dakoro yashi ne da kwazazzabai. Rana tana yi, mutane suna jira, dole aka yi mata sutura a maƙabartar birni. Da Baba ya koma ziyara bayan kaka, ya kasa gane kabarinta cikin sauran. Tun daga nan ya ƙulla abu ɗaya a ransa, kuma bai ɓoye mana ba: kada a bar shi a garin mutane.

Da ciwon zuciya ya kama shi, likita ya ce a riƙa kawo shi Maraɗi a kai a kai. Ni da ƙanena muka sayar da shanu, muka ce sai mun yi mota tamu, kat-kat ta hannu, irin mai ja da ƙafa huɗu, mai iya yashi. Ni a raina sharuɗɗa biyu ne: kada ta zama mai shan mai kamar raƙumin da ya kwana biyu bai ga rijiya ba, kuma in ta lalace makanikan Dakoro su iya ta.

Ranar da muka kai Baba asibiti, muka biya wurin dillalan motoci da shi. Ƙanena, wanda ido ke ja tun yana yaro, ya liƙe wa wata ƙarama mai sheƙi. Gaskiya ni ma ta shiga raina, don ba ta shan mai da yawa. Abin da ya dame ni shi ne cikinta duk lantarki ne, in ta yi tari sai an dawo da ita birni an sa mata na'ura. Gefenta akwai wata tsohuwa mai shan gazuwal, wato man dizal, fenti ya koɗe, amma kayan gyaranta ko a kasuwarmu ana zuba su a tabarma. Muka tsaya muna ta musu, har na fara ɗaga murya, don ni ba ni da haƙurin gardama.

Baba ya ce wa dillalin ya buɗe bayan ƙaramar, ya kwantar da kujeru. Ya tuɓe takalmansa, ya miƙa mini hularsa, ya hau da ƙyar ya kwanta. Ƙafafunsa suka tokare ƙofa, sai da ya naɗe gwiwa.

Dillalin ya yi dariya ya ce, "Baba, kwana za ka yi ciki?"

Baba ya ce, "Ɗana, in an ɗauko ni ran nan, ba ni iya lanƙwashe ƙahwa. Buɗe mini waccan."

Dariyar ta tsaya. Baba ya shiga tsohuwar, ya miƙe sosai, ya juya bisa gefen dama, ya ce a rufe ƙofa. Na rufe da hannuna, ina riƙe da hularsa, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushinsa da ya yi mana haka gaban baƙi, na kuma ji tsoro. Da na buɗe ya dube ni ya ce, "Wagga ta yi. Ku saye ta."

Ba wanda ya sake zancen fenti. Ta yi mana aiki fiye da yadda muka zata: ta kai shi asibiti, ta ɗauki hatsi, ta ɗauki masu naƙuda na unguwa. In ta yi gardama, makanikin bakin kasuwa ya taɓa ta ta tashi.

A gadon asibitin Maraɗi Baba ya cika, da hantsi, cikin wata daminar. Dangin da ke birni suka ce a yi masa sutura nan, an yi ruwa, hanya ba kyau, kuma ba a jinkirta mamaci. Na ce Allah ya ba su haƙuri, gida za mu. Muka shimfiɗa tabarma a baya, muka kwantar da shi, muka yi waya ƙauye a fara haƙa.

Ni na tuƙa. Da muka bar kwalta muka shiga yashi, motar ta yi ta ja ba ta tsaya ba. Sai dai duk inda na hango rami ko gargada, ƙafata ta sauka kan birki, na lallaɓa na wuce a hankali.

Ƙanena ya dubi rana ya ce, "Yaya, ƙara wuta, mutane na jiranmu. Ba shi jin komi yanzu."

Na ce na sani. Da muka iso rami na gaba, na sake taka birki.