Gangar Babana a Zauren Kulob

Ni na rubuta sanarwar da hannuna, da farin alli a kan baƙin allo, na jingine shi a ƙofar kulob ɗin ma'aikata na Haɗejiya. Asabar uku a jere za a yi wasan kiɗa bayan la'asar: ta farko mai goge, ta biyu masu kalangu, ta uku gangar noma. Ban rubuta cewa mai gangar noman ubana ne ba. Na gaya wa kaina wuri ne bai isa a allon ba.

Lokacin Turawa suna nan, amma an fara raɗe-raɗin za su tafi. Ni kuwa sabon malamin elementare ne, ban daɗe da dawowa daga karatu a Kano ba, da farin wando mai kari da agogon hannu da nake dubawa ko ba abin da nake jira. A kulob ɗin nan muke taruwa da yamma, akawuna da malaman asibiti da malaman gona, mu karanta jarida, mu yi ta gardama kamar mu za a miƙa wa ƙasar gobe da safe. A cikin irin gardamar nan wani ya ce Bature yakan zauna shiru ya saurari kiɗansu a garmaho, mu kuwa namu sai an haɗa da ihu da turmutsitsi. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce to mu ma mu ɗora makaɗanmu a kan dandamali, mu jera benci, a saurare su da mutunci. Da yake ni na fi kowa zaƙewa, sai aka ɗora mini aikin.

Babana makaɗin noma ne a wani ƙauye cikin fadama, ta wajen Baturiya. In an kira gayya, shi ke bin bayan manoma da ganga. Kowane manomi da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda in an kaɗa daidai yake da an kira sunansa. Mai take ba ya jin takensa ya yi shiru. Zai ɗaga garma sama, ya yi kirari, ya faɗa kunyar gona da noma kamar zai tsaga ƙasar.

Ni ne ɗansa na fari, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. In zai ce a ba ni abinci sai ya ce, "A ba wancan." Ana yaye ni kawuna, wan mahaifiyata, ya ɗauke ni ya kawo ni birni, shi ya sa ni a makaranta. Gida sai da hutu. Kuma duk zuwan da zan yi, tun kwalekwale bai taɓa gaɓa ba nakan jiyo gangarsa daga gindin tsamiyar ƙofar gida. In na iso na durƙusa na gaishe shi, ba zai dube ni ba. Zai ɗan ƙara kaɗawa, ya tsaya, ya gyara fata, ya tashi ya shige. Wannan abu ya ci mini rai shekara da shekaru. Nakan ce a zuciyata, mutum ɗansa ya yi wata shida ba ya nan, amma gwajin ganga ya fi masa. Ga kuma yaran makaranta da ke ce mini ɗan maroƙi. Ba zan ɓoye ba, na ji kunyar sana'arsa, kuma na ji haushinsa. Sa shi a wannan wasa da na yi, rabi don in ɗaukaka shi ne, rabi don in wanke kaina.

Asabar ta farko ta zo mana da abin da ba mu shirya ba. Mai goge na jan izga, jama'a suka tashi, masu rawa na rawa, masu liƙi na liƙi, benci ɗaya ya karye da mutum huɗu a kansa. Joji, wato Baturen shari'a, da matarsa da muka gayyata suka sulale tun ba a yi nisa ba. Ranar na koma gida kamar an yi mini wanka da ruwan sanyi. Kafin Asabar ta biyu na kafa doka, na rubuta ta a ƙasan allon: ba tashi, ba magana, ba liƙi, in an gama a yi tafi. Masu kalangu 'yan birni ne, na tara su na yi musu bayani, suka yi gunaguni suka bi. Aka yi wasa lami lafiya, joji ya miƙo mini hannu. Kaina ya kumbura.

Baba ya iso ranar Alhamis. Ƙarshen damina ne, ruwa bai janye daga fadama ba, sai da suka yi rabin hanya a kwalekwale, sauran a ƙafa. Ya naɗe gangar cikin tabarmar kaba saboda laima. Tare da shi akwai Sarkin Noman ƙauyenmu, amininsa tun suna samari, dattijo mai faɗin kafaɗa wanda Baba ya fi shekara talatin yana kaɗa wa take. Ni na aika a gayyato shi, don in zaunar da shi a sahun gaba a ga girmansa.

Suka sauka gidan kawu. Ranar Juma'a na sami Sarkin Noma shi kaɗai na karanta masa dokar.

Ya ce, "Ko ya kira ni, ɗan nan?"

Na ce, "Ko ya kira ka, Baba Sarki. Bature zai zo. In ka tashi, amininka za ka kunyata."

Ya dube ni, ya ce, "To. Ku kuka san abinku."

Saura shi kansa mai gangar. Sau biyu ina zuwa in gaya masa. Na farko na tarar ya shanya gangar a rana, yana zaune kusa da ita yana taɓa fatar da yatsa, na gaishe shi na tashi. Na biyu har na buɗe baki, sai na ga ta ina zan fara? Mutumin da ban taɓa yin hirar minti biyar da shi ba, yau in tsaya ina koya masa yadda za a saurari gangarsa? Na ce ai zai gani da idonsa ya gane. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Baba, rabin awa aka ba ka." Ya dubi bango ya ce, "A gaya wa malam na ji."

Ranar Asabar zauren ya cika har tagogi. Manoma da yawa sun shigo birni don sun ji wanda zai yi wasa, kuma kowa sai da na tare shi a ƙofa na maimaita masa dokar. Baba ya hau dandamali da rigarsa ta saƙi wadda yake ajiyewa don Salla. Ya dubi kujerar da muka aje masa, ya ture ta gefe da ƙafa, ya rataya ganga. Ni ina tsaye jikin ƙofa, inda kowa zai gan ni in ya manta.

Ya fara. Ban taɓa jin gangar nan a cikin ɗaki ba, sai ranar. Rufin kwano ya ɗauka, benci ya ɗauka, har cikin haƙorana nake jinta. Ya yi sharar fage, ya ɗago kai yana murmushi, yana jiran abin da ya saba ji. Mutum wajen ɗari biyu suna zaune sun zuba masa ido, ba wanda ya ce uffan. Murmushin ya ɗan rage. Ya ƙara wa kiɗan wuta. Wani tsoho a baya ya fara ɗaga hannu, na harare shi, ya mayar.

Sai Baba ya matso bakin dandamali, ya tsaya daidai gaban Sarkin Noma, ya saki takensa. Wannan kam ko ni na san shi, don duk fadama ba wanda bai sani ba. Na ga dattijon nan ya damƙe bakin benci da hannu biyu. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa. Baba ya sake kaɗawa, ya sake, har sau uku, yana leƙen fuskar amininsa kamar mai duba marar lafiya. Sarkin Noma bai ɗago ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji doka ta kamu.

Daga nan Baba ya bar shi, ya juyo ya fuskanci ƙofa, inda nake. Ya sauya kiɗa, ya koma wani ɗan gajere mai sanyi, irin wanda nakan ji yana yi in yana gwada fata. Yana yi yana kallona, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ɗauka lokaci yake tambaya. Na ɗaga hannu na nuna masa agogo, na ware yatsu biyar: saura minti biyar.

Bai cika su ba. Ya tsaya cak a tsakiyar kiɗan, ya sauke gangar. Ni na fara tafi, zaure duka ya ɗauka, raf raf raf. Sai daga baya na tuna cewa a ƙauyenmu namiji ba ya yi wa namiji tafi. 'Yan mata ke yi a dandali, sai kuma masu korar tsuntsu daga gonar shinkafa. Baba ya tsaya yana kallon manyan mutane suna tafa masa hannu, sannan ya naɗe gangarsa a tabarma ya fita ta ƙofar baya. Joji ya ce mini wasan ya yi kyau ƙwarai, sai dai ya yi gajarta.

Washegari da sassafe suka koma. Kawu ya ce ko karin kumallo bai tsaya yi ba.

Da hutu ya zo na tafi gida. Kwalekwale ya taɓa gaɓa, ban ji komai ba sai kukan agwagin ruwa. Na tarar da shi gindin tsamiya yana tufkar igiya. Na durƙusa, ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, malam. Ya hanya?" Wallahi daɗi na ji. Na ce yau ga shi Baba ya gaishe ni da baki kamar mutum, ashe zuwa birni ya yi amfani. Gangar na rataye a zaure, fatar ta saki. Inna ta ce tun da ya dawo bai taɓa ta ba, an zo kiransa gayya ya ce hannunsa ke ciwo. Sarkin Noma ya bi shi har gida ya yi masa bayanin dokar, Baba ya ce ya ji, ba komai, amma bai sauke gangar ba. Na so in yi masa magana, na ce bari sai wani hutun. Aka yi mini canjin wurin aiki zuwa nesa. Damina biyu bayan haka aka aiko mini ya rasu.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Sarkin Noma ya kira ni gefe. Ya tsufa ƙwarai a ɗan tsakanin nan. Na fara ba shi haƙuri a kan abin da na sa shi ya yi, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Nawa mai sauƙi ne, ɗan nan. Ni ya san dalilina, mun shirya. Kai nake so in tambaya, don abin ya daɗe yana cina. Da ya kira ka, me ya hana ka amsawa? Ai kai dokarka ce, kana iya karya ta."

Na ce, "Yaushe ya kira ni?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Sannan ya sa yatsu biyu a gwiwarsa ya kaɗa ɗan gajeren kiɗan nan mai sanyi, na gwajin fata.

Ya ce, "Wannan. Takenka ne. Ranar sunanka ya yi shi, ina zaune. Tunda bakinsa ba zai kira ka ba, ya ce ganga ta kira. Cewa take, na fari, ka iso? Na fari, ka iso? Ba ka ji duk ranar da za ka zo tun hantsi yake zama gindin tsamiya yana kallon ruwa ba? Mu duk mun ɗauka ka sani, kunya ce ke hana ka amsawa, irin tasa."

Na dubi yatsunsa da ke kan gwiwarsa.

Ya ce, "A zauren nan, da ya ga kowa ya juya masa baya, har ni, sai ya nemi nasa. Da muna cikin kwalekwale za mu koma ya tambaye ni abu ɗaya. Ya ce, Sarki, a wurin 'yan boko, in uba ya kira ɗansa, ɗan ya nuna masa agogo, me ake nufi?"

Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce ban sani ba, zan tambaye ka."

Yau na fi Baba shekaru a lokacin da ya rasu. Na koyar da yara ba iyaka, na amsa tambayoyi masu wuya a gaban manyan mutane. Wannan ɗaya har yanzu ban samo abin da zan ce ba, kuma wanda ya aiko a tambaye ni bai tsaya jiran amsa ba.