Kunyar 'Yar Fari a Bakin Fili

Har yau in aka tsare ni aka ce in faɗi bambancin lig ɗin nan biyu na gasar ƙwallo, wallahi kame-kame zan yi. Abin da na sani shi ne, shekarar da 'yata ta fari ta fara tsawo, ƙungiyoyin ƙwallo biyu suka ce suna son ta. Ɗaya a nan Manchester, inda muke zaune a wani flat kusa da Oxford Road saboda karatun babanta a jami'a. Ɗaya kuma a Birmingham, inda gwaggonta, yayar babanta, ta kai ta gwaji lokacin hutu ba tare da ta ko tambaye ni ba. Kowace ƙungiya da lig ɗin da take bugawa, kuma kowace lig cewa take ita ce ta manya.

In ta zaɓi Birmingham, sai ta koma Sparkhill, unguwar Gwaggo, da zama, ta sake makaranta. Gwaggo 'ya'yanta duk maza ne, ta daɗe tana neman a ba ta riƙon yarinyar. Ni kuwa ba na so, amma da wane baki zan faɗa? A gidanmu uwa ba ta nuna kulawa ga 'yar fari, ba ta yabonta, ko sunanta ba ta kamawa. Haka aka yi mini, haka na taso ina yi.

Sai na ce bari in ci nasara da hujja. Na shiga tambaya. Kocin nan ya ce lig ɗinsu ce manyan ƙungiyoyi ke zuwa ɗaukar 'yan wasa. Kocin can ta ce ai wannan tsohon zance ne, yanzu tasu ake kallo, don su 'yan matansu har da maza suke karawa. Na kawo wa na nan wannan maganar, ya ce to shi ne abin da ke karya yara. Wata uwa a bakin fili ta ja ni gefe ta ce a nan yarinya sai ta shekara a benci. Wani uba ya ce a can kowa bugawa yake, shi ya sa ba a ɗaukar su da daraja. Ikon Allah! To zama a benci ne alheri ko bugawa? Na tambayi maigidan, ya ce duk biyun suna da point. Mutumin da ya ƙetaro teku don neman digirin digirgir, iyakar abin da ya iya ce mini ke nan.

Wata Asabar muka hau jirgin ƙasa har da ƙaninta, muka je kallon wasanta na gwaji a Birmingham. Na tsaya can baya kamar yadda na saba, hannu cikin aljihu. Gwaggo kuwa tana bakin layi, mayafi ya zame, tana ƙwala wa yarinyar kira da sunanta har muryarta ta dishe. Da ta ci ƙwallo, zuciyata kamar ta fito, amma na sunkuya ina gyara igiyar takalmin ƙaninta.

A jirgi muna komowa na fara kawo mata hujjojina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, da Hausarta mai karyewa, "Mama, ni duk lig ɗin ɗaya ne a wajena. A can dai akwai mai kiran sunana."

Ni ina can ina auna koci da benci, ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Raina ya ɓaci, abin kuma ya yi mini ciwo. Yaya za a yi yarinya ta kasa gane cewa shirun nan shi ne son?

Sati na gaba suna da wasa a Manchester, na ƙarshe kafin ta ba da amsa. Na matsa har bakin layi, cikin iyayen da ke ta ihu. Ƙwallo ta zo ƙafarta, ta zille wa ɗaya, ta nufi raga. Na buɗe baki da niyyar kiran sunan, na rantse da Allah da niyya na buɗe shi. Abin da ya fito shi ne, "Ke!"

Duk filin ba wadda ta juyo sai ita. Ta tsaya cak tana kallona, aka ƙwace ƙwallon, koci ya dafe kai.

Da aka tashi ta zo tana haki, ta ce, "Mama, kin sa na yi asarar ƙwallo." Sannan ta miƙo mini jakarta in riƙe, ta ce ranar Laraba akwai atisaye a nan Manchester, kada in makara.