Ranar da Dogo Mai Tabo Ya Mutu

Ina kan keken ɗinki a shagona na Funtua ɗana ya shigo da jaridar Turanci ya ce, "Baba, ba wannan ne kaboyin da kake ba mu labari ba? Ya mutu." Na karɓa na duba hoton. Ya tsufa, kumatun sun zube, amma tabon yana nan ƙarƙashin idonsa na hagu. Ɗana ya fassara mini abin da aka rubuta. Da farko mai kula da dawakin 'yan fim ne, daga baya aka sa shi a ciki, kuma kusan duk fim ɗin da ya fito shi ne mugu, shi ake harbewa. A kan gadonsa ya cika. Na ninke jaridar. Ban ƙara ɗinki ba ranar.

A Tsiga muka san shi, shekarun farko bayan samun mulkin kai. Lokacin cinikin auduga motar majigi takan zo, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa. Ba mu san sunansa ba, Dogo Mai Tabo muke ce masa. Iya, mahaifiyar babanmu, ta je kallo sau biyu, autanta Baffa Sule yana riƙe da hannunta don idonta ya fara rauni. Da aka harbo Dogo daga kan doki ta yi salati, washegari ta toya waina ta raba sadaka. "Ko ba ya salla, uwa ce ta haife shi," in ji ta. Shekara ta zagayo, sai ga shi a ƙyallen da ransa, aka sake harbe shi.

Daga nan ta mai da shi tatsuniya. Bayan cin tuwo mukan hura wuta da karan auduga a ƙofar ɗakinta, mu tura dankali cikin toka. Ta ce uwar Dogo ta je ta yi wa Mutuwa noma shekara bakwai, ladanta kuwa duk sanda aka kashe ɗanta a sako shi ya kamo hanyar gida. Tabon nan shaidar da Mutuwa ta yi masa ce don kada ta manta ta riƙe shi. Kowace maraice kisa ɗaya take ba mu, yau a bakin rijiya, gobe a kan dutse. In na ce yaushe za ta ƙare, sai ta ja kunnena. "Kai maigidan banza, ko zane ba ka saya mini ba kana gaggawa? Sai ya iso wurin uwarsa, sannan ƙurunƙus."

Baffa Sule ya shiga soja. Yaƙi ya tashi a kudu, kafin shekara takarda ta zo. Ba a kawo gawa ba. Iya ta ƙi zaman makoki, tana ajiye masa tuwo a akushi kullum. Tatsuniyar ba ta tsaya ba, sai dai Dogo ya sake. Ya yi wushirya, ya zama mai son fura da barkono, kamar Baffa. Manya suna ji suna sunkuyar da kai. Mu dariya abin yake ba mu.

Yayana Habu ne ya kawo shawarar mu tsokane ta, muryarsa ta buɗe tana kama da ta Baffa. Ya ɗauko tsohuwar rigar Baffa da malfa, ya laɓe a zaure. Ni aka ba aikin shela, don ni ne ɗan ɗakinta. Tana tsakiyar labari na shigo da gudu na ce, "Iya, ga Baffa Sule ya dawo!"

Ta miƙe ba sanda. Ta bi ta cikin wutar, ƙafarta ta hagu a kan garwashi, ba ta ko tsaya ba. Habu ya yi sallama da babbar murya. Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana shafawa, goshi, hanci, har yatsanta ya kai haƙora. Babu wushirya. Habu ya fashe da dariya, ni ma na yi.

"Habu ne?" ta ce. "Ka girma." Ta juyo wajen da nake. "Da wani ne ya faɗa, maigida, da ban tashi ba."

Babanmu ya dake mu har maƙwabta suka shigo ceto. Iya ce ta fara cewa a bar mu haka. Ƙunar ta ƙi warkewa, ta ci ƙafar har ƙauri. Aka daina hura wuta a ƙofar ɗakinta. Akushin ma ta sa aka ɗauke. Kafin ruwan shuka ta rasu.

Na daɗe ina zaton mu take yi wa tatsuniyar. Sai da na binne ɗana na fari sannan na gane cewa kowace maraice kwana ɗaya take nema wa Sule a hanya, mu kuwa zamanmu a bakin wutar ne yake ba ta damar faɗa da ƙarfi. Mutumin nan na jarida ya yi ta mutuwa yana tashi har ya tsufa, bai san wata tsohuwa a Tsiga ta raba waina dominsa ba.

A inda ta tsaya, Dogo yana bakin wani kogi, saura kwana ɗaya ya iso gida. Ba ta ce ƙurunƙus ba, ni kuma ban roƙe ta gafara ba.