Garin da Ba Shi da Tudu

Ƙanena ne ya kawo maganar. Yana aiki a Jamus, ya daɗe bai zo gida ba, 'ya'yana uku kuwa a waya kawai suka san shi. Ya ce ɗakinsa ba zai ɗauke mu ba, amma tunda biza ɗaya ce ke shiga ƙasashen nan da yawa, mu zaɓi garin da muke so, zai same mu a can mu yi 'yan kwanaki tare.

Maigida bai tsaya tunani ba, ya ce Paris. A layinmu na Sabo, a nan Ibadan, duk wanda ya taɓa zuwa Turai hotonsa a gindin hasumiyar ƙarfen nan yake nunawa. Tun ba a je ko'ina ba abokansa 'yan goro suka fara kiransa Alhajin Paris.

Na ce a ba ni lokaci. Na san yadda tafiya take: shi zai riƙe fasfo ya wuce gaba, ni ce zan goya auta, in ja hannun na tsakiya mai shekara huɗu, ido kuma yana kan babbar. Da na matsa wa ƙanena da tambaya, ya yarda cewa a Paris akwai dogon layi, ga hawa da saukar matakala a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa.

"To Yaya, ku duba Lisbon," in ji shi. "Akwai kyau, ba sanyi."

Na duba a waya. Kyau kam akwai, sai dai kowane titi sama yake yi. Na ce masa, "Wannan ai Ibadan ce aka yi wa fenti."

Maigida ya ce to mene ne, ai yaran 'ya'yan Ibadan ne, sun saba da tudu. Na ce a keke mai ƙafa uku suka saba da shi. Muka yi ta musu, har na ce mu gwada.

Ranar Asabar da hantsi muka fita a ƙasa dukanmu, muka nufi hawan Mokola. Ba mu yi nisa ba na tsakiya ya sami gindin wata mai gasa ayaba ya zauna daram.

"Oya, tashi," in ji babansa.

Ko motsi bai yi ba. Matar ta ce da Yarabanci a ɗauke shi mana, yaro ya gaji. Haka maigida ya saɓa shi a wuya, gumi ya jiƙa masa kaftani. Da muka tari keken komawa gida, shi da kansa ya ce, "A cire duk garin da ke da tudu."

Daga nan na karɓi zaɓen gaba ɗaya. Tsakanin masu zuwa sayen atamfa a wurina nake bincike, har na faɗa kan Valencia, a Sifen. Gari ne shimfiɗaɗɗe a bakin teku. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani kogi da aka karkatar, aka mai da tsohuwar hanyarsa dogon lambu da ya ratsa gari, ba mota a ciki. Yaro zai yi gudu ba sai na bi shi da ihu ba. Na sa ƙanena ya tabbatar mini akwai mahauta Musulmi, ya kuma nemo masauki mai kicin.

"Ni da ƙwallo kawai na san garin nan," in ji maigida. "In na dawo me zan ce na gani?"

Na ce, "Ka ce ka ga 'ya'yanka suna dariya, Alhaji."

Muka je, kuma ban yi nadama ba. Da safe mu shiga lambun nan, da yamma mu hau bas zuwa bakin ruwa. Babbar da farko ɓuya take yi a bayana in ta ga kawunta, amma kafin a jima su biyu suka haƙa rami a yashi suka binne ƙafafun babanta. Ni kuwa goyona ya zama abin kallo. Wata tsohuwa ta tsayar da ni a kasuwa, da hannu take roƙon in nuna mata yadda ake ɗaure zanin. Na kwance na sake ɗaurawa a gabanta, tana tafi.

Na tafi da kuka da daddawa a ƙasan akwati. Ana gobe za mu taso na tuƙa tuwon shinkafa, na bar saura. Da safe na yi ɗumame na ajiye wa ƙanena. Ya wanke hannu, ya zauna a ƙasa, ya ci har ya suɗe kwanon. Sai ya ɗago ya ce, "Yaya, baɗi ni zan zo Sabo."