Sarewar Baffa da Kan Sarkin Saifurus

Mun tashi Tambuwal da asuba, ni da wani abokina, ba guzuri sai ambulan ɗaya a aljihu. Ƙanwata mai karatu a tsibirin Saifurus ta aiko wasiƙa, kan sarkin da ke manne a kai kuwa hoton sarewa ne. Ta ce ta makiyayan can ce, har hoton gangarsu da molonsu an buga a kan sarki. Ina gani na ce wallahi sai Baffa ya ga wannan.

Baffa ƙanen mahaifinmu ne, makiyayi a bayan Kebbe, ba wanda ya kai shi busa a yankin. Amma tun da 'ya'yansa suka ce abin kunya ne dattijo da sarewa, ya soke ta a jinka, bai ƙara taɓa ta ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Hanya kam sai haƙuri. Damina ta cinye ta, mota na rangaji, gero kuwa ya yi kai dama da hagu, gwanin sha'awa. A Kebbe muka karya da masa, ɗan kabu-kabu ya tsuga mana kuɗi kamar Makka za shi kai mu. Muka yi ta ciniki har ya gaji.

Sai da muka sha fura da nono na miƙa wa Baffa ambulan. Ya kai shi dab da ido.

"Wagga ai sarewa ta! Wa yas sa ta nan?"

"Gwamnatinsu, Baffa. Duk inda wasiƙa ta je, da ita take zuwa."

"Ba su jin kunya?"

Na ce alfahari ma suke yi.

Ya miƙe ya zaro tasa daga jinka. Ashe zanzaro ya yi gida ciki! Ya sa tsinke ya sakace, ya shafe ta da man shanu, ya busa. Wata tsohuwar saniya ta bar ciyawa ta taho har gabansa. Hawaye suka zo mini, ban ɓoye ba. Babban ɗansa, uban masu hana shi busa, ya sunkuyar da kai.

La'asar muka iso gida, jiki duk ciwo. Na koyi cewa abin da muke sokewa a jinka, wasu duniya suke nuna wa. Kan sarkin dai ban dawo da shi ba. Yana cikin naɗin hular Baffa, sarewar kuma na rataye a wuyansa.